Taswirar dare: abin da tauraron ɗan'adam ke gani da wanda ke kuɓuce masa a ƙauyukan Mayahi da Tasawa

Duk wanda ya taɓa buɗe hoton duniya na dare, irin wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, take wallafawa, ya san yadda ƙasar Hausa take fitowa a cikinsa. Kano ce kan gaba, jawur kamar an zuba garwashi a kasko. Katsina na biye da ita, sai Maraɗi da Damagaram a hayin iyaka. Da zarar an bar manyan garuruwa an nausa arewa maso gabashin Maraɗi, inda gundumar Mayahi ta yi iyaka da ta Tasawa, sai baƙi ya mamaye hoton, in ban da 'yan ɗige-ɗige nan da can.

A cikin wannan baƙin ne ƙaramar hukumar Issawane take, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na gundumar Mayahi. Ƙasa ce ta manoman hatsi da dawa da wake da gujiya, da makiyaya, da samarin da ke tafiya ci-rani idan an gama girbi. Wanda ya san karkarar Nijar ta yau ya san dare a can ba irin na shekaru 30 da suka wuce ba ne. Tocila mai batir ta kori aci-bal-bal, mai shayi da mai cajin waya sun kafa farantin sola, kuma gidaje da dama na da ɗan ƙwan da ɗa ko ƙane ya aiko da kuɗinsa daga Kano, Legas ko Libiya.

To me ya sa wannan haske ba ya fitowa a hoton? Amsar tana cikin na'urar da ke ɗaukar hoton: iyakar kaifin ganinta, lokacin da take wucewa, da launin hasken da take iya ganewa. Batun kuma ya wuce sha'awar masana taurari. Da irin waɗannan hotuna ne masana tattalin arziki da manyan bankunan raya ƙasa suke ƙiyasta inda wutar lantarki ta kai da inda talauci ya yi katutu. Da su ne kuma ake lissafin yadda hasken birane ke cinye taurarin sama.

Sikelin buhu da sikelin zinariya

Mai auna buhun hatsi a kasuwa yana da sikelinsa, maƙerin zinariya ma yana da nasa. A ɗora ƙwayar hatsi ɗaya a kan sikelin buhu, allurarsa ba za ta motsa ba. A ɗora buhu a kan sikelin maƙeri, ya kai maƙura tun kafin a saki buhun. Haka na'urorin auna haske suke. Kowace tana da ƙaramin hasken da ba ta iya ji, tana kuma da babban hasken da ya fi ƙarfinta.

Hotunan dare na farko da masu bincike suka dogara da su sun fito ne daga taurarin ɗan'adam na sojan saman Amurka da ake kira DMSP. Ba don ƙirga fitilu aka ƙera su ba, an yi su ne don matuƙa jirage su ga gajimare a hasken farin wata. Taskar hotunansu da ta fi shahara ta tashi daga 1992 zuwa 2013. Na'urar tana ba kowane wuri maki daga 0 zuwa 63 kawai. Tsakiyar babban birni yakan cika 63 ya tsaya, ko da haskensa ya ninka a shekarun da suka biyo. Haske kuma yakan malala a hoton, gari ya yi kamar ya fi girmansa na ainihi. A ɓangaren ƙauyuka, masu tace hotunan suna share duk hasken da bai daɗe ba ko ya yi rauni, don kada wutar daji da walƙiya su rikita lissafi. A cikin wannan shara ƙananan garuruwa da yawa suka koma sifili.

A ranar 28 ga Oktoban 2011 Amurka ta harba tauraron Suomi NPP ɗauke da sabuwar na'ura mai suna VIIRS. Yana shawagi ne a nisan sama da kilomita 800 daga ƙasa. Wannan na'ura ta fi ta farko kaifi ninki da yawa, tana rarrabe matakan haske dubbai maimakon 64, birane ba sa cika mata ma'auni, kuma ana daidaita ta a kai a kai tana can sama. An ƙara harba irinta a kan NOAA-20 a 2017 da NOAA-21 a 2022. Yawancin taswirorin dare da ake yaɗawa yau a intanet daga gare ta suke.

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare

Duk da wannan ci gaba, akwai abubuwa uku da ke sa ƙauye ya ɓace wa VIIRS.

Na farko lokaci ne. Tauraron yana ratsa kowane wuri da misalin ƙarfe 1:30 na dare. A Kano ko Yamai, fitilun titi da na gidajen mai da na masana'antu suna nan a kunne a wannan sa'a. A ƙauyen manoma kuwa, hira ta watse tun bayan lisha, mai janareta ya kashe don tsimin mai, batirin ƙaramar sola ya yi sanyi. Tauraron yana zuwa ne bayan kasuwa ta tashi.

Na biyu faɗin wurin da na'urar ke haɗawa a ɗigo guda. Kowane ɗigo a hoton yana wakiltar fili mai kimanin mita 750 a tsaye da 750 a kwance, wato hekta 56. Ƙauye ɗungurungum da gonakin bayan gari za su iya shiga ɗigo ɗaya. Hasken ƙwai goma ko ashirin, idan aka raba shi a kan hekta 56, yakan narke ya zama daidai da ɗan hasken da sararin sama da ƙasa ke bayarwa da kansu.

Na uku alkiblar hasken. Tauraro daga sama yake leƙowa, don haka hasken da ya tashi sama kaɗai yake samu. Ƙwan da ke cikin ɗakin soro ko ƙarƙashin rufin kwano, da tocilar da aka haska ƙasa ana duba hanya, da fitilar da ɗaliba ke karatu da ita a rumfa, duk suna yi wa masu su aiki, amma kusan babu abin da ke kaiwa sama daga cikinsu.

Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya gwada wannan a ƙasashe masu kama da Nijar. Brian Min na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa, ciki har da ma'aikatan Bankin Duniya, sun kwatanta hotunan DMSP da bayanan da aka tattara ƙafa da ƙafa a ɗaruruwan ƙauyukan Senegal da Mali. Sun gano cewa ƙauyukan da ke da lantarki sun fi marasa shi haske a hoton, amma fitilun titi ne ke jawo bambancin. Yawan gidajen da ke da wuta, da yawan wutar da suke sha, alaƙarsu da hasken hoton kaɗan ce. Ma'ana, ƙauyen da aka kafa wa turakun fitila a bakin kasuwa zai iya fitowa fes alhali gidajensa na cikin duhu, wani kuma da kowane gida ke da ƙwai zai iya zama baƙi ƙirin a taswira.

A 2022 masu bincike na cibiyar IIASA da ke Ostiriya suka auna girman abin a duniya baki ɗaya. Sun ɗora taswirar gine-ginen da mutane ke zaune a kan hotunan VIIRS, suka ga kashi 19 cikin 100 na matsugunan duniya ba sa fitar da hasken da tauraro zai iya gani. A Afirka adadin ya kai kashi 39, idan kuma karkara kaɗai aka duba sai ya haura zuwa kashi 65. Binciken ya nuna rashin haske yana tafiya da talauci, kuma gaskiya ne. Sai dai a cikin wannan baƙi ɗaya an haɗa ƙauyen da ba shi da ko ƙwai ɗaya da wanda ya fara samun sola, na'urar ba ta iya raba su.

Na'urar da ba ta ganin shuɗi

Akwai wata matsalar da ta shafi birni da ƙauye gaba ɗaya, ita ce launi. Masana suna auna launin haske da tsawon zangonsa, a ma'aunin nanomita. Idon mutum yana gani daga kimanin 400, wajen shuɗi, zuwa 700, wajen ja. VIIRS tana ji daga 500 zuwa 900. Duk abin da ya gaza 500, wato yawancin shuɗi, makauniya ce a kansa.

A da wannan bai dami kowa ba, domin fitilun titi na lokacin masu ruwan ɗorawa ne, haskensu na wajen nanomita 589, a cikin abin da na'urar ke gani. Sai fitilar LED ta zo. Farar LED a asalinta shuɗiya ce, mai ƙarfi a wajen nanomita 450, aka shafa mata wani sinadari da ke juya wani ɓangare na hasken zuwa rawaya, haɗuwarsu ta ba da fari. Ƙirƙiro shuɗiyar LED ne ya sa Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samu kyautar Nobel a 2014. Kusan duk tocila da ƙwan sola da fitilar titi da ake sayarwa yau a kasuwannin Maraɗi da Tasawa da Kano irin wannan ce.

Sakamakon yana da ban mamaki. Birnin da ya cire tsofaffin fitilu ya sa farar LED zai iya raguwa a hoton tauraro alhali mazauna cikinsa suna ganin ya ƙara haske. An ga haka a Milan ta Italiya bayan ta sauya fitilun tsakiyar gari a 2015. Shuɗin haske kuma ya fi sauran launuka warwatsuwa a cikin iska, dalilin da ya sa sama take shuɗiya da rana ke nan. Ido ma idan ya saba da duhu ya fi jin shuɗi da kore. Wato launin da ya fi dusashe taurari shi ne wanda tauraron ɗan'adam ya fi kasa gani.

Alƙaluma sun nuna girman giɓin. Nazarin hotunan VIIRS daga 2012 zuwa 2016 ya nuna hasken waje a duniya yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a shekara. Amma a Janairun 2023 mujallar Science ta wallafa aikin Christopher Kyba da abokan aikinsa, waɗanda suka yi amfani da idon mutane maimakon tauraro. Sun tattara rahotanni 51,351 da jama'a suka aika wa shirin Globe at Night tsakanin 2011 da 2022, kowa yana faɗin taurarin da yake iya gani daga inda yake tsaye. Lissafin ya nuna sararin sama yana ƙara haske da kashi 9.6 cikin 100 kowace shekara. A wannan gudun, yaron da aka haifa a wurin da ake ganin taurari 250 zai tarar saura 100 ranar da ya cika shekara 18. Mafi yawan rahotannin daga Turai da Arewacin Amurka suka fito. Na Afirka ba su taka kara sun karya ba.

Awo daga ƙasa, da ƙurar hunturu

Masu auna duhun sama daga ƙasa suna amfani da wata 'yar na'ura mai girman wayar hannu da ake kira SQM, ƙirar kamfanin Unihedron na Kanada. Ana ɗaga ta sama a danna, ta ba da lamba. Lambar a juye take tafiya: idan ta yi sama, duhu ya ƙaru. Sama mai tsabta da babu wata kuma babu fitila tana ba da kusan 22. Tsakiyar babban birni yakan ba da 17 ko 18. Bambancin maki ɗaya na nufin haske ya ninka sau biyu da rabi, bambancin maki biyar kuwa ninki 100 ne.

Ita ma tana da nata gargadar. Kamfanin da kansa ya ce awonta zai iya kaucewa da 0.1, wanda yake daidai da kusan kashi 10 cikin 100 na haske. Wato kuskuren na'ura ɗaya ya kai ƙaruwar shekara guda da binciken 2023 ya gano. Samfurin farko yana kallon fili mai faɗin digiri 80 da 'yan kai, na biyun mai gilashi yana kallon kusan digiri 20, don haka mutum biyu a tsaye wuri ɗaya za su iya samun lamba daban. Masu bincike a Turai sun kuma lura cewa na'urorin da aka bari a waje shekara da shekaru, rana na dukansu, kaifinsu na raguwa a hankali. Sai su riƙa nuna sama na ƙara duhu alhali na'urar ce ta tsufa.

A wuri mai duhu irin karkarar Mayahi, aikin ya fi wuya. Hasken fitilu kaɗan ne, don haka abin da na'urar ke ji yawanci na halitta ne: farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama, wanda Turawa ke kira hanyar madara, da ɗan hasken da iskar can sama ke fitarwa da kanta, wanda ke hawa da sauka tare da zagayen rana na shekara 11. Wanda bai cire waɗannan daga lissafi ba zai ɗora wa fitilu laifin da ba nasu ba.

Sai kuma ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan Nijar da arewacin Najeriya. Hazo yana yin aiki iri biyu. Kusa da birni yana kama hasken fitilu ya mayar da shi ƙasa, sama ta yi fari fat. Nesa da birni yana tare hasken taurari, yana kuma tare na garuruwan nesa, har na'ura ta iya nuna duhu ya ƙaru a daren da ido ba ya ganin taurari sosai. Awon da aka yi a Janairu da wanda aka yi bayan ruwan Agusta ya wanke sama ba za a haɗa su kai tsaye ba. Nijar tana da tashar auna ƙurar sama a Banizumbu, gabas da Yamai, wadda ke cikin jerin tashoshin AERONET na NASA, kuma irin bayananta ne ake buƙata don gyara wannan lissafi.

Har lokacin asuba ya shafa

Wanda ke ganin wannan zance na masana ne kaɗai, ya dubi abin da ya faru a kudu maso gabashin Asiya. Jadawalin salla yana lissafa ketowar alfijir ne da yawan digirin da rana take ƙarƙashin gefen sama. Malesiya da Indunusiya sun daɗe suna amfani da digiri 20. Masana falaki na ƙasashen biyu suka fita da SQM da kyamarori suna auna lokacin da hasken alfijir ke fara bayyana. A ƙarshen 2019 Malesiya ta koma digiri 18, abin da ya jinkirta asuba da kimanin minti takwas. Ƙungiyar Muhammadiyah ta Indunusiya ta ɗauki irin wannan mataki a 2021, yayin da ma'aikatar harkokin addini ta ƙasar ta tsaya a kan 20.

Babban abin da aka yi ta muhawara a kai shi ne wurin awo. A kusa da birni, hasken fitilu yana rufe farkon alfijir, sai na'ura ta makara kafin ta ji canji. A wuri mai duhu sosai tana jinsa da wuri. A can ne kuma ake iya ganin dogon hasken nan mai tashi tsaye kafin alfijir na gaskiya, wanda malamai ke kira alfijirin ƙarya, masana taurari da yawa kuma suke danganta shi da hasken rana da ke faɗawa kan ƙurar da ke tsakanin duniyoyi. Sama ɗaya, rana ɗaya, amma amsar ta danganta da na'urar da inda aka tsaya da ita.

Me ke ciki ga Nijar?

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa, inda fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'a suke zaune, bai kai ɗaya cikin goma ba. Ƙasar ta sa wa kanta burin kai wa kashi 80 cikin 100 nan da 2035. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin Haske, mai sama da dala miliyan 300 a zangon farko. A Janairun 2025 Nijar na cikin ƙasashe 12 na farko da suka gabatar da alƙawuransu a taron Darussalam na Tanzaniya, ƙarƙashin shirin sama wa 'yan Afirka miliyan 300 wuta nan da 2030.

Duk waɗannan shirye-shirye suna buƙatar sanin inda aka kwana, kuma zagaya dubban ƙauyuka da takardar tambayoyi yana cin kuɗi da lokaci. Hoton tauraro kyauta ne, kullum dare ana ɗauka. Tun bayan da Vernon Henderson da Adam Storeygard da David Weil suka wallafa aikinsu a 2012 kan auna bunƙasar arziki daga sama, amfani da hasken dare ya zama ruwan dare a tsakanin masana tattalin arziki. Daga baya John Gibson na Jami'ar Waikato a New Zealand da abokan aikinsa suka yi kashedin cewa hanyar ta fi aiki a birane, kuma ba ta da tabbas a yankunan da noma ne sana'a.

Abin da tauraro ya ƙware a kai shi ne babban canji a babban gari. Da shi NASA ta bibiyi yadda wuta ta ɗauke ta kuma dawo a tsibirin Puerto Rico bayan guguwar Maria a 2017. Irin wannan girgiza ta samu Nijar a farkon Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin NIGELEC bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa, ta jihar Maraɗi da Damagaram kuma ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa. Yamai da Maraɗi da Damagaram sun sha duhu har zuwa bayan ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024. Ƙauyen da dama can bai kai matakin da na'ura ke ji ba, ko an kawo wuta ko an ɗauke, lambarsa ɗaya ce.

Haɗarin ta fuska biyu yake. Za a iya ƙirga gari cikin waɗanda suka samu wuta saboda turakun fitilar bakin hanya, a wuce shi a rabon aiki alhali ɗakin haihuwarsa da tocila ake shiga. Za a kuma iya kashe kuɗi a raba sola gida-gida, aikin ya yi kyau, amma mai duba taswira daga ofis ya ce bai ga abin da ya canja ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ana ƙoƙarin rage giɓin. Ƙungiyar Brian Min ta koma tara hotunan kowane dare na shekara guda tana kwatanta ƙauye da dajin da ke kusa da shi, don ta tsamo ɗan bambancin da hoto ɗaya ba ya nunawa. Sin ta harba tauraron Luojia 1-01 a 2018 mai ɗigon mita 130, sannan SDGSAT-1 a 2021 mai ɗigon mita 10, wanda kuma yake rarrabe launuka. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke leƙa cikin ɗaki.

Duhun da wasu ke nema da kuɗi

A 2016 Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar da taswirar hasken sama ta duniya, bisa hotunan VIIRS na 2014 da dubban awon da aka yi daga ƙasa. Ta nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin saman da fitilu suka gurɓata, kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa iya ganin farin zirin taurari. Singafo ce ta fi kowa, sai Kuwait da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya, Libiya ma na cikin goman farko. A ɗaya gefen, Chadi da Afirka ta Tsakiya da Madagaska ne suka fi tsabtar sama. Ɗan Mayahi da ke aiki a Jidda ko Tarabulus, idan ya ce taurarin gida sun fi na can yawa, ba kewar gida ce kaɗai ke magana ba.

Wannan sama tana da amfani a rayuwar mutane. Da ita tsofaffi ke gane Kaza da 'ya'yanta, da Zara, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Da lissafin taurari 28, irin su Suraiya da Ɗarfa da Jabha, kusan kowanne da kwanakinsa 13, malamai da manoma ke bin tafiyar shekara. A Namibiya, gandun NamibRand ya samu shaidar zama wurin kare duhun sama tun 2012, kuma baƙi na biyan kuɗi su je kallon taurari.

Ba wanda zai ce wa mutanen Issawane su zauna a duhu don a ga taurari. Ɗalibi na buƙatar fitila, asibiti na buƙatar firij na allurar rigakafi. Abin da masana ke ba da shawara mai sauƙi ne, kuma ya fi araha idan an yi shi tun farko: fitilar titi ta kasance da hula mai tura haske ƙasa, a zaɓi mai ruwan ɗorawa maimakon fara mai shuɗi-shuɗi, a kuma saita ta ta rage ƙarfi idan dare ya tsala. Hakan yana tsawaita ran batir. Wani abin lura shi ne, garin da ya bi wannan shawara zai ƙara dusashewa a hoton tauraro, domin haskensa na sauka inda ake buƙatarsa. Dalili ke nan da ya sa bai kamata a auna nasarar aikin lantarki da hoton sama kaɗai ba.

Awon ƙasa ne ya yi ƙaranci, kuma shi ne wanda matasa za su iya yi. Shirin Globe at Night, wanda cibiyar NOIRLab ta Amurka ke gudanarwa, ba ya buƙatar komai sai waya mai intanet. Mutum ya fita a daren da babu wata, ya nisanci fitila, ya ba idonsa minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu ba tare da duba waya ba, sannan ya zaɓi hoton da ya fi kama da taurarin da yake gani, ya rubuta ko akwai hazo ko gajimare. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da 'yan na'urorin SQM da aka gwada su da juna kafin a fita, za su iya auna hanyar Maraɗi zuwa Tasawa zuwa Mayahi a hunturu da damina, su samar da bayanan da taswirorin duniya ke ƙishirwarsu.

Yankin yana da abin koyi a wannan fage. A Tasawa aka haifi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a 1929, masanin kimiyyar lissafi da haske wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, shekaru da dama, tun lokacin da ƙasashe masu arziki ba su ɗauki sola da muhimmanci ba. Ya rasu a 1991, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Farantan da ke kan rufin ƙauyukan Mayahi da Tasawa a yau ci gaban aikin da ya fara ne. Ƙirga su, da auna hasken da suke bayarwa da saman da ke kansu, sai an je wurin da ƙafa.